Kaka, Ara Mini Kaskonki Zuwa Safe

Ban ma buɗe bakina ba na hango masu taɓe nasu. Ga Alhaji can ya sauko da tabarau kan karan hanci yana cewa, "To, ga wani ɗan boko ya zo koya mana yadda ake kwana." Ga Hajiya ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Yaron da aka yanke wa cibiya a gabanmu!" Duk na ji, na kuma ɗauka. Amma ku tuna da rigar jika na shigo. Abin da ɗa ba zai iya duban idon ubansa ya faɗa ba, jika yana faɗa wa kakansa har ya haɗa da jan gemu, a yi dariya a tashi. Ke kuma Kaka, tun ina cikin zanen goyo kike kira na maigida, kina ƙorafin na hana ki kuɗin cefane. To yau maigida ya zo da doka, sai a saurara.

Hunturu ya kama. Tun ƙarshen Nuwamba iskar nan ta arewa maso gabas ta juyo, kuma ba za ta sake mu ba sai an shiga Fabrairu ko ma Maris. Hazo ya lulluɓe gari, har wata rana jirgi ya zo sararin Kano ya yi ta shawagi ya kasa ganin filin Malam Aminu, ya juya. Leɓe ya tsage, faso ya wage baki, yara sun yi fururu kamar an zazzage su daga buhun fulawa. Mai shayi ya zama hakimi, mai ƙosai ta zama sarauniya. Ina da wani kawu da duk irin wannan lokaci yake sanar da cewa wanka kullum ƙirƙirar 'yan zamani ce. Ba shi ya kawo ni ba. Wanda ya yi yaji da ruwa, tsakaninsa ne da matarsa, su sasanta.

Abin da ya kawo ni shi ne abin da ake yi bayan isha'i. An hura gawayi a kasko ko a kurfoti, an kai shi tsakiyar ɗaki. An ja ƙofa an danna sakata. An cusa tsumma a kafar taga, an naɗe tsohon zane an toshe ƙasan ƙofa, kada ko iskar da za ta kaɗa gashin kaza ta shigo. Jikoki uku sun lafe a bayan Kaka. Ɗaki ya yi ɗumi, barci ya yi daɗi. A kan wannan ɗumin nake so mu yi rigima.

Na san amsar da kuka tanada, don na sha jin ta. "Kakanninmu da kasko suka kwana, suka shekara tamanin, casa'in, suna tauna goro da haƙoransu." Ban musa ba. Tambaya ɗaya ce da ni: a wane ɗaki? Ɗakin kakanku na ƙasa ne, rufin ciyawa, ƙofarsa tufaniya ko asabari. Hayaƙi ya tashi ya bi ta jinka ya fice, shi ya sa in ka ɗaga kai sai ka ga rufin baƙi ƙirin da kunkunniya. Iska kuwa tana shigowa ta gefen tufaniya ba sallama, ba mai hana ta. Ko soron mai arziki da aka rufa da azara yana da 'yar taga can sama, da ƙyauren katako mai ɓaraka da kyanwa za ta iya leƙe ta ciki. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ta wannan tsagar ce ma numfashin kakanku ke shiga, bai sani ba, yana ta zagin magini.

Yanzu ki dubi naki ɗakin, Hajiya. Ɗanki na Abuja, Allah ya yi masa albarka, ya rushe na ƙasan ya ɗora bulo da siminti, ya rufa kwano, ya manna silin, ya sa tagar gilas mai zugewa da ƙofar ƙarfe mai roba a gefe, irin wadda in ta rufu ko sauro sai ya nemi izini. Kin daina tara kwanoni a ƙasa da damina saboda yoyo, mun taya ki murna. Amma ɗakin ya zama kamar tulun da aka toshe wa baki. Kin karɓi ɗakin zamani hannu bibbiyu, kin shigo da kaskon zamanin Sarki Alhaji a ciki, sannan kina kafa mini hujja da kakanni. Ko ki koma jinka, ko ki fitar da kasko. Ba a haɗa gudu da susar gindi.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin gawayin. In aka wayi gari an tarar da mutanen ɗaki guda a sheme, me mutanen unguwa ke cewa? "Iska ce ta buge su." To ku riƙe ni da kyau, yau ɗan boko ya yarda da ku. Wallahi iska ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba a ganin shigarta, ta fi ɓarna da dare, kuma ta fi son ɗakin da aka rufe. Duk siffofin da kuke ba ta haka suke. Inda muka rabu kawai shi ne, ku kun ce daga tsamiyar bayan gari take, ni na ce daga kaskon da ke gefen gadonku take. Masana suna kiran ta kabon monoksaid. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, itace ne, fetur ne, kalanzir ne ko gas, in bai samu isasshiyar iska ya ƙone sarai ba, ita yake fitarwa. Wannan iskar ba a yi mata girka, ba ta karɓar baƙar akuya, turare kuma ƙara mata ƙarfi yake yi tunda shi ma a kan garwashi ake zuba shi.

Yadda take aikinta kuwa, ku ɗauka jinin jikinku motar haya ce da ke lodi a tashar huhu. Fasinjan kirki shi ne iskar oksijin. A ɗauke ta a huhu, a sauke ta a ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi, a dawo a sake lodi, dare da rana. Ita wannan 'yar iskar in ta shigo tasha, riƙon da take yi wa kujera ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ta hau, ta ƙi sauka, ba ta biyan ko kwabo. Mota tana ta zirga-zirga cike maƙil, amma ba fasinjan kirki ko ɗaya a ciki. Ƙwaƙwalwa tana jiran kaya, zuciya tana jira, shiru. Mutum yana numfashi kamar kowa, alhali a shaƙe yake.

Da farko ciwon kai ne. Sai jiri, sai tashin zuciya, wani har amai, sai kasala, ƙafafu su yi nauyi. Wanda yake ido biyu zai ce mura ce ko zazzaɓin cizon sauro, ya haɗiyi farasitamol ya ƙara jan bargo. Wanda yake barci kuwa ba ya ma jin komai, barcin ne ke ƙara nisa. Waɗanda take fara kayarwa su ne tsoho mai raunin zuciya, da jariri, da mai juna biyu, wato daidai mutanen da muka fi tausaya wa har muka kai musu kaskon. Alamar da ba ta ƙarya ita ce a ga mutanen ɗaki ɗaya sun kamu lokaci ɗaya, wanda ya fita tsakar gida kuma ya ji sauƙi. Mura ba ta kama mutum biyar a dare guda ta sake su a bakin ƙofa.

Nan ne abin ke daina ba ni dariya, don na san inda zargi ke sauka. Tuwon jiya ake fara tuhuma, daga tuwo a koma kan wadda ta tuƙa shi. In kishiya ce, shi ke nan, ta shiga uku, ko alƙali ya wanke ta unguwa ba za ta wanke ta ba. In babu kishiya, a nemo wata tsohuwa a ƙarshen layi a ce mayya ce. Kaskon kuwa yana nan zaune a tsakar ɗaki da tokarsa, ana tsallake shi ana neman mai laifi. Ina roƙonku, in irin haka ta faru, kafin a nemi mai laifi a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa fili, a nufi asibiti, don can ne ake da oksijin ɗin da zai kori 'yar iskar daga kujera. Kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara. Gubar ba a cikinsa take ba, a jininsa take, kuma abin da aka ɗura yana iya bin hanyar huhu ya ƙarasa shi.

Na ji wata gwaggo daga can baya tana cewa, "Mu ai ba mahaukata ba ne, a waje muke barin gawayin ya ruru, sai hayaƙi ya ƙare ya zama jan garwashi sannan mu shigo da shi." Sannu da dabara, Gwaggo. Kin kori mai ihu kin bar mai yanka. Hayaƙin da kike gani, mai sa tari da hawaye, shi ne ma yake sa mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Jan garwashi ba ya hayaƙi amma yana nan yana fitar da wancan abin. In kuma kika barbaɗa masa toka don ya kai asuba, kin rage masa iskar da zai ci, kin ƙara masa yawan gubar da zai fitar.

Sai kai, Malam. Na ga ka gyara zama, na san abin da za ka ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifar asibiti sai ya tafi. Haka ne, Allah gafarta Malam, ba mai ja da wannan. Amma ai a zaurenka muka zauna kana karanta mana cewa Buhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a cikin gida in za a kwanta barci. A nan muka ji labarin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba shi labari ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin barci. Ni da ban wuce izu biyu ba na riƙe wannan, kai da ka karantar da shi kake kwana da kurfoti a ƙarƙashin gado? Kuma na lura, Malam, duk tawakkalinka ba ka taɓa barin babur ɗinka a ƙofar gida ba kulle. Ashe babur ya fi numfashi tsada.

'Yan'uwana 'yan boko, na ga kuna ta murmushi ana yi wa tsofaffi tsiya. Ku matso, naku ya fi muni, don ku kun karanta abin a makaranta har kun ci jarrabawa a kansa. Wane ne ke tayar da janareto a barandar da aka rufe da gilas, ko a lungun kicin, ko a ƙarƙashin matakalar bene, wai kada ɓarayi su ɗauke? Wane ne ke kunna murhun gas ya bar shi yana ci don falo ya yi ɗumi? Ɗan ƙaramin janareton nan da kuke raina wa, hayaƙinsa ya ishi gida guda. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce a ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki. Na san a gidan haya mita 6 ta kai ka ɗakin maƙwabci, to aƙalla a sarari, inda sama ke kallonsa, a ɗaure shi da sarƙa in ana tsoron ɓarawo. In ma an sace, gobe ka nemi bashi ka sayi wani. Sannan ga masu jefa hita a bokiti su manta, a ɗauke wuta su kwanta, a dawo da ita ƙarfe biyun dare. A wannan yanayi komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa. Ku tuna kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, da babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris na shekarar, da Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Kowace da sanadinta, amma ku dubi watannin.

"To sanyi ya kashe mu ke nan?" Yawwa, Kaka, yanzu kika yi tambaya. A'a. Ni ma na san sanyi ba wasa ba ne ga mai shekaru. Da asubahin Janairu ma'aunin zafi a Kano kan sauko zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, mutanen Jos kuwa sai dai mu yi musu jaje. Jikin tsoho ya rage kitsen da ke ƙarƙashin fata, ba ya riƙe ɗumi kamar da, wani lokaci ma jikin ya yi sanyi ƙalau mai shi bai farga ba. Ban hana ki jin ɗumi ba. Ki ji abinki da yamma, ƙofa a buɗe, ana hira. Lokacin kwanciya kasko ya fita. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi jibgegiya guda riƙe zafi. A sa hula ko ɗankwali, a sa safa, kada a shimfiɗa tabarma kan siminti tsirara a kwanta. A zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi, a naɗe ta da zane a tura cikin bargo. A sha kunu mai zafi kafin a kwanta. Ku kuma 'ya'ya masu aiko da atamfa ta goma sha biyu da za ta kwanta a adaka, bana ku aiko da bargo mai kauri da rigar sanyi.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mai ciwon suga da ya daɗe da shi, sau da yawa jijiyoyin ƙafarsa sun mutu, ba ya jin zafi. Sai ya miƙa ƙafa bakin kasko yana jin daɗi, fata tana gasuwa bai sani ba, gyambon da zai biyo baya kuwa kan ƙi warkewa har ya kai ga yanke ƙafa. Ga yara masu rarrafe, ga zanen roba da mayafi mai kama wuta kamar fetur. Ko da rana kasko yana son ido a kansa.

Alhaji, na dawo gare ka, kada ka zaci na manta. Kai ne kake fitowa kiran assalatu da 'yar shara, ka kamfaci ruwan randa da ya kwana a waje ka yi alwala kana kallon samari a wulaƙance, wai su ragwaye ne masu jiran ruwan fulas. Mun yarda kai namiji ne, mun ji labarin buhunan gyaɗar da ka ɗauka zamanin dala. Amma sanyi yana tsuke hanyoyin jini, jinin ya hau, kuma da safiya ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi afkuwa. Na ce ka je a auna ka, ka ce, "Ni ba ni da hawan jini, da ina da shi da na ji a jikina." Ai matsalar ke nan, ba a jin sa. Yawancin masu shi garau suke jin kansu har ranar da baki zai karkace. Awon nan minti biyu ne, a kowane ƙaramin asibiti ana yi, har wasu kantunan magani. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, akwai magana. In kuma an ba ka ƙwaya, ba irin ta zazzaɓi ba ce da za ka sha kwana uku ka ce ka warke ka ajiye sauran don baƙo. Game da ruwan randa kuwa, ba wanda ya hana alwala da ruwan ɗumi. Abu Dawuda ya ruwaito Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a wurin yaƙi don tsoron halaka, aka kai maganar gaban Annabi bai zarge shi ba. Hukuncin na malamai ne, ni dai abin da na tsinta shi ne sahabi jarumi bai ɗauki gudun sanyi abin kunya ba. Kuma ka riƙa shan ruwa da rana ko ba ka jin ƙishi. Na san tsoron tashin fitsarin dare ne ya sa ka yi gaba da shi, amma iskar hunturun nan tsotse mutum take yi kamar yadda take busar da wanki.

Hajiyoyi masu kula da jego, ku ma ku ɗan matso. Ni Bakano ne, yabon Zariya yana yi mini ɗaci a baki, amma gaskiya ɗaya ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Suka danganta abin da tafasasshen wankan nan na kwana arba'in, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki. Zage-zagi dai sun rasa abin da za su yi fice a kansa sai wannan, amma kada Kanawa mu yi dariya, tukunyar ɗaya ce a gidajenmu. Ba na ce a daina gyara mai jego ba. A sirka ruwan, a sassauta kanwar, kada a kulle ta da jariri da garwashi a ɗaki ɗaya. In ta ce numfashinta yana sama-sama, ba raki ba ne, a kai ta asibiti.

Saura ƙura. Mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi ne tun yana da girmansa, kuma ƙurarsa har tsallaka teku take yi ta kai Kudancin Amurka. Barebari ne ke fara karɓar ta su miƙo mana, Fulani sai ku ƙara wannan a cikin ƙorafinku. Tana busar da hanci da maƙogwaro, ta tayar wa mai asma ciwonsa, don haka rawani da takunkumi da mayafi a hanci duk suna da amfani, sharar tsakar gida kuma a yayyafa ruwa tukuna. Amma babban abin tsoro shi ne hanyar da take share wa sanƙarau, wanda ke tashi daga hunturu ya yi ƙamari a bazara, sai ruwa ya sauka ya lafa. Ta numfashi da tari yake yaɗuwa, kuma ba inda ya fi so irin ɗakin da mutum goma suka cushe aka rufe taga. Kun ga mun sake dawowa kan tagar nan.

Sanƙarau kuwa yana da allurar rigakafi. Na ambaci allura, na ga fuskoki sun canza. A nan ba zan zolaye ku ba, don shakkarku tana da asali. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ya zabura, ba a ce masa matsoraci. Sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Tun da aka fara allurar MenAfriVac a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, nau'in sanƙarau da ake kira A, wanda shi ne ya yi waccan ɓarna, ya kusan ɓacewa daga yankinmu. Annobar 2017 da ta taso daga Zamfara ta kashe sama da mutum 1,000 wani nau'i ne daban, C, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar. Ku yi tambaya, ku nemi ganin katin ma'aikaci, ku tuntuɓi mai unguwa, wannan haƙƙinku ne. Amma ɓoye jika a bayan rumbu ba dabara ba ce. Kuma in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, kada a jira gari ya waye, ciwon yana iya kashewa cikin kwana ɗaya.

Na san Alhaji zai ninke takardar nan ya ba mai ƙosai, Malam zai ce yaron ba shi da ladabi, 'yan boko za su ce sun riga sun sani su je su tayar da janareto a baranda. Ku dai ku je, mu haɗu a bazara, ina da wata rigimar da ku a kan zafi. Ke kuwa Kaka ba ki da mafita, don na san hanyar ɗakinki. Bayan isha'i ina nan tafe da bargo sabo da safa biyu. Ki zage ni, ki ce kin fasa auren, ki kira ni mijin da ba ya cefane, duk na ɗauka. Zan zare tsumman nan daga taga, kaskon kuma a tsakar gida zai kwana, da safe in dawo miki da abinki.